Kaskon Turare da Robar Hanci

Tian-lai na gidan Ko ya azabtar da uwarsa kwana goma sha tara saboda kaskon turare. Na faɗa, kuma ba zan janye ba. Bai doke ta ba, bai zage ta ba, bai hana ta abinci ba. Abincin ma shi ya sa aka yi ta ɗura mata ta hanci har cikinta ya ƙi karɓa. A ƙauyenmu na Lam-sua har yau akwai 'yan tsiraru masu cewa ɗa ne na gari da tsautsayi ya faɗa wa. Su ba su zauna a gefen gadon ba. Ni na zauna.

Sunana A-kiok. Shekara ashirin da biyu ina jinyar haya a asibitocin wannan gaɓa ta yammacin Taiwan. Iyali su ɗauke ni in zauna da mara lafiyarsu, in juya shi, in goge shi, in kwashe abin da 'ya'yan cikinsa ke toshe wa hanci. Aji shida na yi na bar makaranta, sauran karatun a gefen gado na yi shi, kuma ya ishe ni in bambance mai kuka don uwarsa da mai kuka don kansa.

Tsohuwa Giok-ki, uwar Tian-lai, shekararta tamanin da ɗaya. Sittin daga ciki ta yi su ne a tsugune bakin teku tana ɓare kawa, wani naman teku mai ɓawo, da 'yar wuƙa, har yatsunta suka karkace. Ciwon daji ya cinye mata ciki ya haura hanta. Da likitoci suka ce magani ya kai iyakarsa, sai aka hau da ita bene na sama, Sashen Salama, inda ba a faɗa da mutuwa, ana dai hana ta zuwa da wulaƙanci.

A rana ta biyu Nas Siau, wadda ke kula da ita, ta jawo 'yar kujera ta zauna ƙasa da gadon, takarda a cinya.

"A-ma," ta ce, wato kaka, "me ya fi ba ki tsoro?"

"In mutuwa kike nufi, bar wannan, yarinya. Mijina da ko ruwan zafi bai iya dafawa ba ya iya ta, ni ce za ta gagara?"

Muka yi dariya. Ita ma ta yi, ta riƙe ciki.

"Roba nake tsoro," in ji ta. "Na ga yadda aka yi da ƙanwata. Roba a hanci, hannu a ɗaure kamar ƙaguwa a kasuwa. Kada a yi mini haka."

Nas Siau ta rubuta. Sun fi awa guda, tana tambaya, tsohuwa na amsawa, wani lokacin tana zagin tambayar. Abin da ya fito a takardar ba shi da yawa. Ba roba a hanci, ba ɗauri. Allurar kashe zafi duk bayan awa huɗu, da kuma duk sa'ad da ta nema. A juya ta duk awa biyu. In ta kasa haɗiya, a jiƙa mata leɓe da shayin ganye, ba da ruwan asibiti ba, wai warin famfo yake yi. Na ƙarshe shi ne wanda ta sa aka karanta mata sau biyu: idan ƙafafu suka fara sanyi, a kira mota da wuri, a kai ta gida da sauran numfashinta, a shimfiɗe ta a babban ɗaki ƙarƙashin hoton mijinta, gaban teburin da ake girmama kakanni. Kowa a wajenmu ya san dalili. Wanda ya cika a waje, gawarsa ba ta shiga ƙauye, balle ɗaki.

Ta dangwala babban yatsa da jar tawada. 'Yarta Siu-kim, wadda ke aure a arewa tana aikin masaƙa, ta sa hannu a matsayin shaida. Tian-lai, babban ɗa, mai kamfanin ƙanƙara da motoci uku, shi ma ya sa nasa hannun, har da share ido. A lokacin likita wata uku ya ce, kuma wata uku bai taɓa lissafin Tian-lai ba.

Mako biyu ta yi a sashen nan kamar 'yar gata. An yi mata wanka a babban baho, an wanke mata kai, ta sha cokali biyu na romon kawa ta ce wanda ya dafa bai san kawa ba. Sannan jikin ya juya. Ido ya yi rawaya, barci ya yi yawa. Likita ya ce mako guda, in an yi sa'a kwana goma.

Saura kwana goma sha tara bikin haihuwar Uwar Teku, wadda ake bautawa a haikalin Lam-sua.

Shekara goma sha huɗu Tian-lai na jefa ƙuri'a a haikali yana neman riƙon kasko, bara ta faɗo a kansa. Mai kasko shi ke gaban karagar Uwa ranar zagaye, cikin doguwar riga da jan ɗamara, ana kiran sunansa da na ubansa a lasifika. To amma wanda aka yi wa rasuwa a gida ba ya taɓa kaskon, ba ya ma tsallake dokin ƙofar haikali sai shekara ta zagayo.

Tian-lai ya tare Nas Siau a baranda, bakinsa jawur da goron nan da ake naɗewa a ganye. Ina tsaye da bokitin wanki, bai ma ɗauke ni mutum ba.

"Kwana nawa kuka ce?"

"Bakwai zuwa goma, Maigida Ko."

"Ba zai yiwu ba. Ashirin nake so."

"Ba ciniki muke yi ba."

"Ke 'yan mata, saurara. A ƙasa akwai roba, akwai ƙarin ruwa, akwai allurai. Ku a nan kun naɗe hannu kuna jiran mutum ya mutu, kuna kiran abin salama. Yunwa kuke kashe ta da ita."

"Ba yunwa take ji ba. Cikin ne ya rufe. In aka ɗura, kumbura za ta yi, ta yi ta amai. Kuma takardar tata ce, ba taka ba. Ita kaɗai ke iya soke ta."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce kuskuren Nas Siau, in gaskiya na zama kuskure. Ta nuna wa kura ƙofar garke.

Ya shiga ɗakin ya zube gwiwa biyu a gaban gado. Ƙato mai shekara hamsin da takwas, da tumbi, da zoben zinariya.

"A-bu," ya ce, wato uwa, "shekara goma sha huɗu ina jira. Sunan A-pa, ubana, za a kira a lasifika, duk gaɓar nan ta ji. Mutumin da ya mutu ba wanda ya san shi sai laka. In kika tafi yanzu, 'yan gidan Ang, abokan hamayyarmu, za su karɓe kaskon, su yi mana dariya har jikoki. A-bu, ki taimake ni."

Ta daɗe tana kallon karkatattun yatsunta.

"Kwana nawa?"

"Goma sha tara kacal."

"Kacal," in ji ta. "Wata tara na ɗauke ka ina tsugune a laka. Kawo jar tawadar."

Nas Siau ta fitar da shi, ta rufe ƙofa, ta sake jawo 'yar kujerarta.

"A-ma, ba dole. Za ki sha wuya, ba zan ɓoye miki ba. Abin da kika ce kina tsoro, shi za a yi miki."

"Na sani."

"To don me?"

"Kina da ɗa?"

"Ba ni da shi."

"To yi shiru."

Ta dangwala. Nas Siau ta ninke tsohuwar takardar gida huɗu ta sa a aljihun rigarta. Da yamma aka gangara da gadon bene na shida, ɗakin mutum huɗu mai talabijin da ba a kashewa.

Sau uku aka gwada kafin robar ta shiga. A na biyu jini ya fito, ta riƙe hannuna har farcenta ya shige. A rana ta biyu ta fizge ta cikin barci. Aka mayar. A rana ta uku ta sake fizgewa, wannan karon ido biyu. Sai aka kawo safar hannu masu kama da faranti, aka zura mata, aka ɗaure a ƙarfen gado hagu da dama.

Ta dube ni ta ce, "A-kiok, nawa ake sayar da ƙaguwa yau?"

Ban iya dariya ba.

Madarar da ake ɗurawa ba ta wucewa. A ɗura da safe, kafin azahar ta dawo ta baki, kore-kore. Ruwan da ake ƙara mata ya rasa hanyar fita, ya taru a ƙafafu suka zama kamar turmi, fata ta tsage tana tsatsafa, ina canza zani sau biyar a yini. Ya taru a ƙirji, sai an zura wata robar a maƙogwaro an tsotse, ita kuwa tana banƙarewa, ƙarfen gado na kaɗawa.

Sai maganar allura. Wani abokin shan shayinsa a haikali, wanda iliminsa na likitanci bai wuce sayar da taya ba, ya gaya wa Tian-lai cewa allurar kashe zafi tana gajarta numfashi. Tian-lai ya zo ya tsaya a kan likitan bene na shida, wani matashi mai tsoron kotu fiye da tsoron Sama.

"In uwata ta mutu da allurarku a jiki, lauyana zai zo ya tambaye ka sunanka."

Aka rage ta zuwa abin da ba zai kwantar da ciwon haƙori ba. Nas Siau tana saukowa kullum bayan ta tashi aiki. Ta yi wa likita magana, ta yi wa Tian-lai. Ta ce allurar ba ta kisa in an auna ta daidai, ciwon ne ke kisa, kuma zafi shi ma yana cinye ƙarfin mutum.

"Ke ba a sashenki take ba yanzu," in ji Tian-lai. "Koma sama wajen masu jiran gawa."

Kullum ƙarfe takwas na safe yana zuwa. Minti goma, na sha dubawa a agogon bango. Ya ajiye kwalin tuffa ga matar da ba ta haɗiyar yawu, ya gyara gashinsa, ya sunkuya kusa da fuskarta ya ɗauki hoto da waya, yana kaucewa kada ɗaurin hannun ya fito. Ya tura wa 'yan kwamitin haikali. Su kuma su yi ta aiko da yabo: kai, ɗa ke nan, ya ƙi sakin uwarsa. 'Yan dubiya su zo su tsaya daga bakin ƙofa saboda wari, su ce, "Tsohuwa ta yi dace, wasu 'ya'yan da tuni sun kai ta sama sun yar." Sannan su wanke hannu su tafi cin taliya.

Matar Tian-lai, Hong-kiau, takan zo da rana. Ba muguwa ba ce, raguwa ce, kuma a gefen gadon mara lafiya ban ga bambancin ba. Ta tsaya tana matsar hawaye.

"A-kiok, ni me zan yi? Kin san halinsa. In na yi magana ya ce ba uwata ba ce."

"Ke kika san inda bakinki yake," na ce mata.

Ni ma kada in wanke kaina tas. Na ga ana ɗaurewa, ban kwashe kayana na tafi ba, ban kuma yi ihu a baranda ba. Abin da na iya shi ne in ja labule, in kwance hannu ɗaya in riƙe a nawa, in mayar kafin a shigo zagaye. Ƙaramin abu ne, kuma na san ƙaramin abu ne.

A rana ta goma sha biyu ta ce, "Saura nawa?"

"Bakwai, A-ma."

"Ƙarya nake yi ashe. Ba zan iya ba. Kira mini yarinyar nan mai takarda."

Na kira. Amma kafin Nas Siau ta sauko da likita, zazzaɓi ya rufe ta, ana tambayarta sunanta tana amsawa da sunan ƙanwarta. Likita ya ce hankalinta bai kai na sa hannu ba, sai abin da babban ɗa ya ce. Babban ɗa kuwa yana can yana gwajin doguwar riga wajen tela.

Daga nan ba ta ƙara magana da mu ba. Uwarta take kira, matar da ta mutu tun kafin a kawo lantarki Lam-sua. Bayanta ya ɓare, rami ya buɗe a ƙugu wanda ɗan yatsana ke shiga. Masu jinyar gadon kusa suka nemi a canza musu ɗaki saboda nishin.

Siu-kim ta samu hutu a rana ta goma sha shida. Ta shigo da jakarta a kafaɗa, ta ga abin da ke kan gadon, ta fita baranda ta yi amai. Da safe ta jira wanta.

"A-hia," ta ce, wato yaya, "ka dube ta."

"Kullum ina dubanta."

"A waya kake dubanta. Ka dube ta da idonka. Ka ɗaga zanin nan."

"Ke kada ki kawo mini iyayi. Kina can arewa, ni ke nan da ita. Ni na kawo mai jinya, ni na kawo likita."

"Kai ka kawo igiya."

"Saura kwana biyu! Ita ta yarda, da yatsanta. 'Ya mace ruwa ce da aka watsar, ba ki da ta cewa a gidan Ko. In kin gaji koma gidan mijinki."

Ya gyara gashi. Ranar dai bai ɗauki hoto ba.

Ranar biki, wajen ƙarfe goma sha biyu na rana, na taɓa ƙafafunta na ji sanyi ya kai ƙauri, gwiwoyi sun yi shuɗi-shuɗi. Numfashi na zuwa, ya tsaya, ya dawo. Na aika sama. Nas Siau ta sauko a guje, ta duba, ta ce wa Siu-kim, "In gida za ta, yanzu ne. Ba anjima ba."

Siu-kim ta buga wa wanta waya, ta buɗe murya muka ji. Ganguna da algaita a bayansa.

"Ku riƙe ta!" yana ihu. "Ku ce wa likita ya yi mata allurar ɗaga jini. Ƙarfe huɗu Uwa za ta koma haikali. Huɗu kawai, Siu-kim, don girman Sama!"

Ta kashe wayar. Ta ce wa likita ita ma 'ya ce, a kawo takardar sallama. Ban sani ba ko kunya ce ta kama shi ko gajiya, ya kawo, ya kuma rubuta allurar cikakkiya.

Nas Siau ta ciro takardar nan mai ninki huɗu daga aljihu, ta yi laushi don ɗauka. Ta shimfiɗa ta a kan gado. Ta kwance hannun dama, ta kwance na hagu, ta jefa safar a kwandon shara. Ta zare robar a hankali. Ta yi allurar. Ta aike ni na haɗo shayin ganye, ta tsoma auduga ta shafa a leɓen da suka tsattsage.

"A-ma, ga layi na huɗu," ta ce mata a kunne. "Saura na ƙarshe."

Cikin minti ashirin goshin tsohuwa ya saki. Kwana goma sha tara ban ga fuskar nan a sake ba.

Muka shiga motar asibiti, ni da Siu-kim a baya, abin iska a fuskar tsohuwa. Tafiyar minti arba'in ce. Duk gadar da za mu hau Siu-kim ta sunkuya ta faɗa mata, kamar yadda ake yi don kada kurwa ta ɓata a hanya. "A-bu, za mu hau gada, ki biyo mu." "A-bu, mun karya kwana wajen gonar tafarnuwa." "A-bu, kin ji warin teku?" Na rantse hancinta ya motsa.

Lam-sua hanya ɗaya ke shigarta, ta kan 'yar gadar kwari. Muka iske zagayen ya cika ta. Tutoci, ganguna, hayaƙin nokawut har ba a ganin gaba, mutane sun durƙusa a layi suna jiran karagar Uwa ta bi ta kansu. Direba ya kunna fitila. Samarin da ke riƙe da igiya suka fara ture jama'a gefe, domin ko Uwa da kanta tana ba motar asibiti hanya, wannan kowa ya sani.

Sai ga Tian-lai ya ratso hayaƙi, doguwar riga shuɗiya, jan ɗamara, kasko a ƙirji. Ya ga motar. Ya ga fuskar ƙanwarsa a gilashi. Ya san wadda ke ciki, ya kuma san in ta isa ɗaki ta cika, kaskon ya bar hannunsa.

"Kada wanda ya karya layin Uwa!" ya daka wa samarin tsawa. "Motar ta jira. Ni ne mai kasko, na ce ta jira!"

Samari suka mayar da igiya. Su ba su san ko wace ce ba.

Daga inda muke ana hango jan rufin gidan Ko, taku ɗari uku bai cika ba. Siu-kim tana dukan gilashi, ganguna sun danne muryarta. Direba ya danna oda, aka ɗauka cikin shagalin ne. Na ce mu ɗauke ta a hannu, direba ya ce ta ina, ko allura ba ta da wurin faɗuwa a gadar. Minti ashirin da biyar muka yi. Siu-kim ta koma kunnen uwarta tana cewa, "A-bu, ga gida can, ga rufin, ki ɗan jira." Tsohuwa ta yi jiran da ta iya. Ta ja numfashi ɗaya, muka saurari na biyu, bai zo ba.

Direban tsohon hannu ne. Ya juyo ya ce a hankali, "Ku bar abin iskar a fuskarta. In hanya ta buɗe mu shiga, a cire a ɗaki, a ce can ta cika. Haka kowa ke yi."

Kafin Siu-kim ta amsa, Tian-lai ya zagayo bayan motar ya leƙo. Ya ga hannuna a kan idon uwarsa. Na zuba masa ido ina jiran ko sau ɗaya ya ce A-bu.

"Kada ku cire abin," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba wanda ya sani. Ku ja gefe ku jira. Awa biyu kawai."

Siu-kim ta cire abin iskar da hannunta. Ta buɗe ƙofar baya warwar, duka biyun, ta sauko kan titi.

"Jama'ar Lam-sua!" Muryar masaƙa ce, wadda ta saba da ƙarar inji. "Ga Giok-ki mai ɓare kawa! Ta cika a nan, a bakin gada, tana kallon rufin ɗakinta. Ɗanta ne ya tare motar. Yanzu kuma ya ce in mayar mata da abin iska mu yi shiru awa biyu, ya gama rawarsa!"

Gangar kusa ta tsaya, ta bayanta ta tsaya, har shirun ya kai ƙarshen layi. Matan da ke durƙushe suka miƙe. Wasu sun ɓare kawa da ita shekara arba'in. Suka matso suka ga hannayen, da shatar igiya baƙa a wuyan kowanne.

Tsoho Si, shugaban kwamitin haikali, sa'an marigayi mijinta, ya tako da sandarsa. Ya leƙa motar ya daɗe. Sannan ya miƙa wa wani sandar, ya warware jan ƙyallen da ke wuyansa ya shimfiɗa a tafukansa.

"Miƙo."

"A-peh," ya ce, wato kawu, "ka saurare ni, ita da kanta ta..."

"Miƙo, Tian-lai."

"Saura awa biyu, A-peh. Shekara goma sha huɗu..."

"Wanda ya tare wa uwarsa hanya, wace Uwa zai raka? Miƙo, kafin in sa yara su karɓa."

Ya miƙa. Aka kwance masa jan ɗamara a tsakiyar titi. Masu ɗauke da karaga suka ja da baya ba wanda ya umarce su, gada ta buɗe fayau. Amma buɗewar ba ta da sauran amfani. Tsohuwa ta cika a waje, idon duniya ya gani.

A nan bakin gada aka kafa mata rumfa, kusa da tulin ɓawon kawa, inda motoci ke wucewa suna watsa ƙura. Hoton mijinta aka ciro daga babban ɗaki aka kawo mata, tunda ita ba a iya kai ta ba. Siu-kim ta sa takardar mai ninki huɗu a cikin akwatin gawar, ƙarƙashin hannun dama.

Akwai masu cewa laifin Siu-kim ne, da ta yi shiru da uwarta ta shiga ɗaki. Ina jin su. Irinsu ne ke tsayawa a bakin ƙofa suna yabon ɗa na gari. Matar nan ba ta roƙi a shigar da gawarta da ƙarya a fuska ba. Ta roƙi abu biyar, ƙanana, waɗanda ba su fi ƙarfin kowa ba, aka rubuta, ta dangwala, ɗanta ya shaida. Ya zo ya karɓe su ɗaya bayan ɗaya da makamin da ya san ba ta da garkuwarsa. Duk mai cewa ba zai iya sakin tsohonsa ba, ya ɗaga zanin ya duba tukuna, sannan ya tambayi kansa wa yake riƙewa, kuma don wa.

Teburi arba'in Tian-lai ya sa aka shirya a ƙofar gidansa don walimar daren biki. Ba wanda ya zauna, mai kiwon aladu ne ya kwashe abincin da safe. Bayan an yi kwana ɗari, Hong-kiau ta hau Sashen Salama da ƙafarta, lafiyarta ƙalau, ta sa aka rubuta mata tata takardar, ta ce in bakinta ya mutu a tambayi Siu-kim, kada a tambayi mijinta. Kwamiti ya shafe sunan Tian-lai daga allon haikali da baƙin fenti, ya haramta masa jefa ƙuri'a har ƙarshen ransa. Hanya ɗaya ce ke shiga Lam-sua, kuma kullum sai ya bi ta kan gadar nan sau biyu.